Anti Deke da Farar Safar Hannu

Duk wanda ya ce muku Anti Deke masifaffiya ce, bai yi ƙarya ba, sai dai na san bai gaya muku abin da ke sa ta masifar ba. Ni Iya Kunmi zan gaya muku, don tare aka ɗauke mu aiki a sakandaren gwamnati da ke bakin garinmu. Ni ina koyar da girki da ɗinki, ita kuma aka rataya mata usur aka ce ga fili nan. Tun muna iya yin tsalle mu ɗare acaba, har ga shi yanzu sai mun dafa kafaɗar mai acabar, muna tare.

Cikakken sunanta Moradeke, 'yar masaƙa ce daga Iseyin. Babanta ashoke yake saƙawa, zanen saƙin nan na Yarbawa, kuma da yake bai samu ɗa namiji da wuri ba, ita ce mai jan zare daga wannan turke zuwa wancan, tun daga ƙofar gida har bakin hanya. Tsohon ba ya son jira, ita kuma ba ta son ranƙwashi, to a nan ta koyi gudu. Ƙafa ba takalmi ta ciwo wa makarantarsu kofi, ƙafar nan ce kuma ta kai ta kwalejin horon malamai. Ta auri direban babbar mota, ya rasu a hanyar Ilorin ya bar ta da yaro ɗaya, ta rene shi da albashin da ku ma kun san yadda yake zuwa. Yanzu gwiwarta ta hagu ta lalace, tana ɗingishi, amma in ta busa usur ɗin nan har awakin unguwa sai sun nutsu.

A bayan makarantarmu, can wajen rijiya, akwai aji guda na yara masu jinkirin fahimta. A takarda sunansa mai daɗi ne, wai ajin masu buƙata ta musamman. A baki kuwa kowa "'yan bayan rijiya" yake cewa, har da malamai. Ba sa shiga layin safe da sauran yara, lokacin fitarsu tara ma daban ne. Ba a tunawa da su sai in ana neman masu ɗaukar benci, ko kuma ranar gasar gida-gida.

Kun dai san yadda muke yin ranar nan. Gidaje huɗu, Ja da Kore da Shuɗi da Ɗorawa, kowanne da uwarsa, wata hamshaƙiyar 'yar kasuwa da za ta fitar da anko, ta ɗauko masu kalangu, ta sauke tukwanen shinkafa da alala. Yara su yi maci da farar safar hannu suna cika suna batsewa. Su 'yan bayan rijiya ba su da gida ko ɗaya. Fararen riguna ake sa musu a jera su ƙarƙashin wata 'yar rumfa. Sai rana ta take, manyan baƙi sun ci sun sha, mai lasifika ya sassauta murya ya ce, "Yanzu kuma ga bayin Allah nan, jama'a a tausaya." A kaɗa musu kalangu su yi rawa, manya su taso su yi musu liƙi, mata suna matse ƙwalla a hankali kada kwalliya ta ɓaci. Da an gama a kora su rumfa. Kowace shekara Anti Deke tana gefe tana cizon usur, har ina tsoron wata rana za ta haɗiye shi.

"Iya Kunmi, duba min don Allah," haka take ce min. "Yaran nan suna da ƙafa ko ba su da ita? Ranar gudu ce ko ranar bara? To mene ne na mayar da su abin kallo?"

Wata shekara aka tura ta bita Ibadan, ta dawo da magana a bakinta. Ta ce za a raba yaran bayan rijiya cikin gidajen nan huɗu, kowa ya sa rigar gidansa. Za kuma a yi tseren miƙa sanda na haɗin gwiwa: kowane gida ya kawo mutum huɗu, biyu daga bayan rijiya, biyu daga sauran azuzuwa, wannan ya miƙa wa wancan, hannu da hannu. Makin tseren kuma a zuba shi cikin lissafin kofi kamar na kowane tsere. Shugaban makarantarmu, Oga Ogunjobi, mutum ne da ba ya son abin da zai ta da masa hankali. Amma da ya ji cewa manya daga ofishin ilimi suna son irin wannan, har ma za su zo da masu ɗaukar hoto, nan take ya ce ai shi ma ya daɗe yana wannan tunanin.

A cikin yaran akwai Tejumade, muna ce mata Teju. Doguwa ce ƙaƙƙarfa, ta girmi 'yan ajinta. Ba ta iya rubuta sunanta ba sai harafin farko, in ta yi dariya sai an jiyo ta a ofis, in murna ta yi mata yawa kuma yawu yakan zubo mata. Amma gudu? Tafɗi! Ranar da Anti Deke ta fara sa ta a fili, sai da ta cire usur daga baki ta bi ta da kallo. Matsalar guda ce: in sanda ta shiga hannun Teju, to ta zama tata. Ba ta ba kowa. Sai ta wuce mai jiranta, ta wuce ƙarshen fili, ta nufi ƙofar makaranta maigadi yana bin ta yana haki.

Gidan Ja aka sa ta, kuma wadda za ta karɓi sanda daga hannunta ita ce Omolewa, 'yar ajin ƙarshe, wadda duk makarantar ba mai kamo ta. Lewa yarinya ce mai ji da kai. Ranar farko da yatsu biyu ta miƙo hannu tana yatsina. Anti Deke ta daka mata tsawa, "Ke! Kifin da ya ruɓe aka ce ki ɗauka? Buɗe min hannun nan!"

Zango guda cur suka yi a kan abu ɗaya, wato Teju ta saki sanda. Na sha leƙowa ta tagar ɗakin girki in ga Anti Deke da gurguwar gwiwarta tana bin su a rana tana ihu, "Saki, Teju! Ba ƙwace miki za ta yi ba, taya ki za ta yi!" Lewa ce ma ta gano dabarar daga baya. Ta lura in ta waiwayo ta kira sunan Teju tana dariya, yarinyar takan miƙo da kanta. Ranar da sandar ta fara wucewa daga hannu zuwa hannu ba tare da kowa ya rage gudu ba, Teju ta rungume Lewa ta ɗaga ta sama, Lewa tana wutsil-wutsil da ƙafa tana cewa a sauke ta. Daga nan kullum sai ka gan su a gindin mangwaro suna raba fanke, Teju tana "Anti Lewa, Anti Lewa" kamar bakinta zai tsinke.

To, labari ya kai kasuwa. Uwar Lewa, wadda muke ce wa Iya Lewa, ita ce uwar Gidan Ja, mai babban shagon leshi, matar da in ta yi ɗaurin kai sai ta sunkuya kafin ta shiga ofis. Ta sa aka kira taron iyaye da malamai. Aka turo 'yan bayan rijiya suka jera benci a zauren taro, aka ce su zauna a baya su jira a tashi su mayar. Ba wanda ya ga dalilin fitar da su. Mutanenmu gani suke yaran nan ba sa jin magana, kamar bencin da suka ɗauko.

Iya Lewa ta miƙe ta gyara mayafin kafaɗarta. Ta ce, "Oga, ni ba na ƙin bayin Allah. Kowa shaida ne, bara ba wanda ya kai ni liƙi. Amma liƙi daban, haɗa hannu daban. 'Yata jarrabawar fita za ta zauna, likita nake so ta zama. A ce yarinyar can mai dalalar yawu ta riƙe sanda, guminta ya jiƙa ta sharkaf, sannan ta danƙa wa Lewa a tafin hannu? In abin da ke kanta ya biyo hannu ya kama min 'ya, wa zan riƙe?"

Wallahi na zaci za a yi mata dariya. Ina! Sai ji na yi ana "gaskiya ne, gaskiya ne." Wani dattijo mai sayar da katako ya tashi ya ce a ƙauyensu wani yaro ya sha ruwa a kofi ɗaya da irin waɗannan, har yau bai ƙara cin jarrabawa ba. Wata ta ce ita dama tun da aka fara abin nan ɗanta yake mantuwa. Ɗan nata kuwa ni na san shi, tun yana aji ɗaya ba ya tuna komai sai lokacin abinci.

Anti Deke ta tashi, gwiwar ta yi ƙara. "Iya Lewa, tun kafin ku buɗe shago nake kama hannun yaran nan, ina share musu hanci, muna ci a kwano ɗaya. Ku dube ni da kyau. Me ya kama ni?"

Wani daga tsakiya ya ce, "Ai ga shi nan muna gani!" Zauren ya kwashe da dariya.

Oga Ogunjobi ya ga abin zai ɓaci, sai ya ɗaga hannu yana murmushin nan nasa na mai sulhu. "Iyayena, a yi haƙuri, abin ai mai sauƙi ne. Ba da farar safar hannu yaranmu suke maci ba? To waɗanda za su karɓi sanda kada su cire, su yi gudun da ita. Hannu bai taɓa hannu ba, baƙi kuma za su ɗauka ado ne. Kowa ya huta."

Ku ji fa! Aka yi ta tafi kamar ya kawo wa garin wutar lantarki. Iya Lewa ta ce ita za ta sayo sababbi ma, a sa musu jan leshi a baki ya dace da anko. Nan da nan uwar Gidan Kore ta ce ai nasu ma sai an sa kore. Cikin ɗan lokaci an manta da yara, an koma gardamar wane leshi ya fi tsada.

Anti Deke ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta taka har gaban tebur, ta cire usur daga wuyanta ta ajiye. "Oga, ga usur ɗinku, ku busa da kanku. Ban shafe zango guda a rana ina koya wa yarinya ta yarda da hannun mutum ba, don ranar ta zo ta tarar da tsumma. Ko hannu da hannu, ko ku nemi wata." Ta juya wajen iyaye. "Ku kuma ku ji kunya. Kuɗinku kuna iya manna musu a goshi, hannun 'ya'yanku ne ya fi ƙarfinsu?" Ta fice tana ɗingishi, ko waiwaye babu.

Ta yi zamanta a gida. Fili ya yi ciyawa, ba wanda ya ja layi, katin gayyata kuma ya riga ya tafi, har an rubuta tseren haɗin gwiwa da manyan baƙaƙe don manyan ofishin ilimi. Oga Ogunjobi ya gwada ba malamin lissafi usur, yara suka mayar da shi abin wasa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya aike ni biko. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana cin amala da miyar ewedu hankali kwance.

"In safa ce ta kawo ki, Iya Kunmi, wanke hannu ki ci abinci ki koma."

"Ya ce a bar safar."

"Ya faɗa da bakinsa, ko ke kike gyara masa?"

"Da bakinsa, har yana rantsuwa."

Saura Iya Lewa, ita kuma 'yarta ce ta karya ta. Lewa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Mama, ku yafe ni, amma in da safa ne ba zan yi gudu ba sam, ko wannan ko wani." In Lewa ba ta yi gudu ba Gidan Ja ba shi ba kofi, ga anko an ɗinka, ga cika bakin da aka yi wa uwar Gidan Kore a gaban 'yan kasuwa. Dole ta haƙura. Sai dai ta hana Lewa zuwa atisaye har ranar gasa, wai a rage yawan taɓawar, ta kuma kai ta wajen mai addu'a aka shafe hannun dama da man zaitun. Anti Deke ta ji ta yi tsaki ta ce su shafa har kafaɗa, ita dai hannun ya zo tsirara. Muka ce mun yi nasara. Har rawa na taka mata a ɗakin malamai.

Ranar gasa fili ya cika maƙil. Kalangu ta ko'ina, ɗaurin kai ja da kore da shuɗi da ɗorawa sai ƙyalli suke a rana. A karon farko 'yan bayan rijiya suka fito cikin rigunan gidajensu. Mahaifiyar Teju, mai tuyar ƙosai a bakin tasha, ta rufe kaskonta ta zo ta tsaya can bayan igiya da tsohon zaninta, don ba ta da kuɗin anko. Kafin tseren haɗin gwiwa Gidan Ja da Gidan Kore sun yi kunnen doki, kuma shi ne tsere na ƙarshe. Wanda ya ci shi ya ɗauki kofi. Yau dai ba mai cewa a tausaya, kowa ihu yake yana kiran gidansa.

Anti Deke ta busa usur. Na farkon Gidan Ja ya fita da kyau, na biyu ya ɗan yi baya, ya miƙa wa Teju suna na uku. Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Ta wuce ta Shuɗi tun a kwana, ta kamo ta Kore, ta wuce ta, ta ba ta rata mai yawa. Matan Gidan Ja suka miƙe tsaye, Iya Lewa da kanta tana tsalle ɗaurin kai yana karkacewa. Can gaba ga Lewa ta waiwayo tana dariya, ta miƙo hannu a buɗe, ba safa ba komai, tana kiran "Teju! Teju!"

Teju ta iso. Sai ta ja birki ta tsaya cak.

Ta kama gefen jar rigarta ta fara goge sandar. Ta goge wannan kai, ta juya ta goge wancan, ta bi tsakiya a hankali, harshenta a waje don ƙoƙari. Lewa tana kuka tana ihu, "Ba ni! Teju, ba ni haka nan!" Ta kai hannu za ta fizga, Teju ta janye, don ba ta gama ba. Ta Kore ta zo ta miƙa ta wuce. Ta Shuɗi ta wuce. Sai da Teju ta gamsu, sannan ta naɗe gindin sandar da gefen riga yadda fatarta ba za ta sake taɓawa ba, ta ɗan russuna, ta miƙa. Lewa ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, amma na uku ta zo. Kofi ya tafi Gidan Kore.

Sai mai lasifika, Allah ya shirye shi, ya sassauta muryar nan tasa. "Jama'a kun ga tarbiyya? Kun ga tsafta? A tafa wa baiwar Allah!" Aka kuwa tafa. Manyan baƙi suna gyaɗa kai, mai hoto yana ta ɗauka, Oga Ogunjobi yana washe baki yana cewa ai haka suke koya musu. Na jiyo Iya Lewa tana gaya wa ta kusa da ita, "Kofi dai ya tafi, amma kin gani ko? Yarinyar ma ta fi malamarta hankali." Ban san lokacin da na ce mata Allah ya isa ba, a gaban kowa, kuma har gobe ban janye ba.

Anti Deke ta ratsa fili da ɗingishinta, na bi ta a baya. Teju tana tsaye inda ta miƙa sandar, tana haki, fuskarta cike da murna.

"Teju," in ji Anti Deke, muryarta ƙasa-ƙasa. "Me ya sa kika tsaya? Wa ya ce ki goge?"

"Ba kowa, Anti. Ni na ji a taro." Ta haɗiye yawu ta share baki da sauri. "Anti Lewa za ta zama likita. Na goge sama, na goge ƙasa. Ba zai kama ta ba. Na goge da kyau ko, Anti?"

Hawaye kawai na ga yana bin fuskar Anti Deke. Ta miƙa hannu biyu za ta kama hannuwan yarinyar, yadda ta saba yi kullum in an tashi daga fili.

Teju ta yi baya da sauri, ta ɓoye hannuwanta a bayanta.

"A'a, Anti, kar ku taɓa," ta ce. "Ku ma zai kama ku."